Littafin da Ke Cikin Adakar Baba

Rano, 6 ga Yuli.

Zuwa ga Yayana Saminu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Rahma da yara. Ya aiki, ya zafin Lakwaja? Mu nan lafiya lau, damina ta zauna, geron Baba na Durba har ya kai gwiwa. Takarda na rubuto domin maganar ba ta waya ba ce, ka san ba ka bari mutum ya kai aya.

Ka ji labarin tsofaffin ɗaliban Baba za su karrama shi a watan gobe, kuma za su buga ɗan littafi mai suna Maganganun Malam Zailani. Ni aka ɗora wa tattarawa, wai tunda ni ce malamar Turanci a Kibiya. Ban sha wuya ba, don rabinsu suna rubuce a bayan adaidaita sahu. Lado mai fenti ya ce shekara ashirin yana cin abinci da bakin Baba, ko sisi bai taɓa kai masa ba. Na tara arba'in da ɗaya.

Shekaranjiya na buɗe adakar Baba ina neman hotonsa na samartaka, sai na ci karo da wani tsohon littafin Turanci da gara ta ci bayansa. Maganganun wani marubuci ne ɗan ƙasar Ailan mai shegen barkwanci, wanda ya rasu tun kafin a haifi kakanmu. Yaya, ga maganganun Baba nan reras a ciki. Ta baƙon nan da ya zo gaisuwa ya share mako tana shafi na tara. A gefen kowace Baba ya sa Hausarta da fensir. Inda Baturen ya ce shayi, ya mai da shi fura, inda ya ambaci manyan Landan, ya sa masu unguwa.

Ga abin da ke damuna. Malam Ishiyaku, shugaban makarantarmu, ya karanta adabin Turanci, kuma shi zai gabatar da littafin. In ya gane fa? A ce Baba, da furfurarsa, a kira shi ɓarawon magana a gaban gari? Ka ba ni shawara, amma ban da wa'azi.

Ƙanwarka,
Suwaiba.

Rano, 19 ga Yuli.

Yaya Saminu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, na samu saƙonka. Wai in mai da littafin in yi shiru. Haka ka yi lokacin da ka fasa tulun Inna, Allah ya jiƙanta, kuma ni aka doka.

Na kai wa Baba littafin da hantsi yana gyaran fartanya. Na zata zai ji kunya, sai ya yi ta dariya har da tari, ya tambaye ni ko sai yanzu na iya karatu. Ya ce a kwalejin horon malamai ya saye shi. Da ya fara koyarwa yakan faɗi sunan mai maganar, amma yara su fita su ce Malam ya ce. Ya gyara ya gyara har ya gaji. Ka san mutanenmu, wanda suka ji magana a bakinsa shi ne mai ita, ba ruwansu da wanda ba za su iya zuwa gaishe shi ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce daga baya shi ma daɗin abin ya riƙa ji, kuma wannan laifinsa ne. Ranar taro da bakinsa zai faɗa.

Na roƙe shi ya bari in rubuta a gabatarwa kawai, ya ƙi. Ina tsoro, Yaya. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Suwaiba.

Rano, 11 ga Agusta.

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma jin haushinka da ba ka zo ba. Ya jikin Adnan? Allah ya ƙara sauƙi.

An yi taro, rumfa uku ta cika, har daga Unguwar Gai an zo. Baba ya miƙe da tsohon littafin Turancin a hannu, ya ce duk abin da suke yabo na wani Bature ne ɗan Ailan, shi tafinta ne kawai. Na runtse ido. Sai wuri ya kaure da dariya da tafi. Alhaji Ramalan, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban, yana share hawaye yana cewa wannan ta fi duk na baya, wai Malam ya ƙirƙiro Bature don kada a yabe shi. Baba yana rantsuwa, su suna ƙara dariya. Sai da Malam Ishiyaku ya karɓi lasifika ya tabbatar. Ashe shi ma ɗalibin Baba ne, kuma ya sani tun yana aji uku. Ya ce ya karanta maganganun da Turanci bai yi ko murmushi ba, sai da suka bi ta bakin Malam. An yarda a sa sunayen su biyun a bangon littafinmu. Lado kuwa ya ce sunan Baturen ba zai shiga bayan adaidaita ba, fenti ya yi tsada.

Saura abu ɗaya. Na bi littafin Baturen shafi-shafi sau uku, arba'in na samu. Ta arba'in da ɗayan ba ta ciki. Ita ce wadda ke bayan motar Muntari, kai ma ka sha ganinta: gidan da babu Ramlatu, masauki ne. A da mutane suna ɗauka tsokanar Inna ce, don ya faɗe ta ne lokacin da Inna ta je Makka ya ƙona tuwo. Na tambaye shi a wane shafi take. Bai yi dariya ba. Ya ce Baturen bai san Innarmu ba.

Ita na sa a shafin ƙarshe, da sunansa shi kaɗai. Ga kwafinka nan a hannun direba. Ka kira Baba, Yaya, shekara huɗu ke nan yana zaune a masauki.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Suwaiba Zailani.