Ƙwayar Farin Shuka

Zakirai, ranar Asabar

Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti? Inna tana gaishe ki.

Zan faɗa miki gaskiya ko ranki zai ɓaci. Akwatin madubin nan da kika aiko ya mayar mana da Baba wani iri. Da hantsi sai ya cusa shanyayyen hannunsa na dama a bayan madubin, ya riƙa motsa na hagu a gaba, ya ƙura ido. Jiya na kai masa koko, ya ce, "Rahmatu, bi a hankali, kar ki taka min shuka." A kan tabarma fa! Wai yana ganin damansa ya warke yana zuba iri a gonar bakin rafi, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake ji.

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kin san gidan nan ba mai jefa iri sai Baba ya saka ƙwayar fari da hannun damansa, haka ya gada. Yaya Hashimu ya ce bana shi zai saka, damina ba ta jiran mara lafiya. Baba ya ji. Ya ce in an yi shuka ba shi, a kwashe madubin da robar da ake miƙe masa yatsu da ita, ya gama da magani. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Rahmatu

Rijiyar Zaki, ranar Talata

Ƙanwata Rahmatu,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kowa lafiya. Ki durƙusa ki gaishe min da Baba da Inna.

Ki kwantar da hankalinki, Baba bai zautu ba. A sashenmu na gashin ƙashi haka muke yi. Idan ido ya ga kamar hannun yana motsi, ƙwaƙwalwa takan fara tuna hanyar da ta manta. Amma irin hannun Baba yakan iya damƙa tun kafin ya iya saki, sakin ne aiki. Ki riƙa ɗaura masa robar miƙe yatsu bayan azahar. Ki zuba masa gero a tafin hagu a gaban madubi, ya yi ta saki yana kallo. Ban yi miki alkawarin komai ba.

Ki roƙar min Hashimu kwana uku bayan ruwan fari.

Ni ma gonar nan ba ta bar ni ba. Shekaranjiya na yi gyangyaɗi a mota, sai na gan ni ƙarama ina bin Baba ina rufe rami da diddige. Har aka wuce da ni inda zan sauka.

Allah Ya ƙara sauƙi.

Yayarki,
Aina'u

Zakirai, ranar Alhamis

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direban da zai kawo miki wannan yana ta danna oda.

An yi ruwa ran Litinin, kamar da bakin ƙwarya. Hashimu ya yi kwana biyu yana ƙunƙuni, maƙwabta duk sun shuka. Yau kuma shi da kansa ya ɗora Baba a amalanke, ya kai shi gona, ya sara masa rami da sungumi, ya tallafe shi ta baya. Na zuba gero a hannun daman, yatsun suka rufe ruf.

Muka tsaya. Na ce in koma in ɗauko madubi? Ya ce a'a, ya lumshe ido. Tun hantsi har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, Yaya! Masu wucewa suka tsaya a bakin gona. Ni dai kuka nake, Hashimu gumi yake, yana tallafe da shi.

Baba ya hana ni ƙarasawa. Ya ce shi zai faɗa, ni in rubuta.

Rahmatu

Aina'u 'yata,

Allah Ya yi miki albarka.

Ƙwaya uku suka faɗa ramin. Na ce wa Hashimu bismillah, su ci gaba.

Sauran geron yana cikin hannuna, na hana kowa ɓanɓare shi. Ki zo ran Juma'a ki shimfiɗa min tafinki, ni zan zuba miki.

Mahaifinki,
Iliyasu