Kujerar Gefen Na'ura

Zuwa ga mijin Yaya,

Sallama. Ina gaishe ka ne don haka aka rene ni, ba don ka ci gaisuwar ba.

Nas ta faɗa mini komai. Ranar da aka yi wa Yaya tiyatar cire jariri, an kashe mata jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, idonta biyu, kana zaune kusa da kanta. Yaya ta ce ƙirjinta na bugawa kamar zai fashe, na'urar auna zuciya ta kama kuka. Likita ya tambaye ka ko ta taɓa yin haka. Ka ce a'a, tsoro ne, wai ko kyankyaso ta gani haka take. Har da dariyarka!

Ni ba likita ba ne, wayoyi nake gyarawa, amma na karanta. Da ka faɗi gaskiya, da sun yi shiri tun kafin zuciyarta ta tsaya su taso ta da ƙyar. Tun cikin yana ƙarami take dafe ƙirji a gabanka.

Jaririya tana hannun Mama. Na gaya wa mai gadin ɗakin masu ciwon zuciya, inda Yaya take kwance, kamanninka, har da sanƙon. Kada ka wahalar da takalminka.

Ka huta, in za ka iya.
Auta

Ƙanena Auta,

Amin wa alaikumus salam. Ina fatan Mama da jaririya suna lafiya.

Ban musa ko kalma ɗaya ba. Abu guda ne ba ka sani ba. Tun kafin ranar, yayarka ta sa na yi mata rantsuwa ba zan faɗa wa likita zancen bugun ƙirjin ba. Wata mata a layin awon ciki ta ce mata masu bugun zuciya barci ake sa su gaba ɗaya. Yayarka kuwa, cikinta biyu sun zube, ka sani. Ta ce mini, "Wannan karon da kunnena zan ji kukan."

Ta ji shi, Auta. Bayan nan ne layin na'urar ya miƙe. Dariyar da nas ta ji kuwa, ni kaina ban san daga ina ta fito ba.

Ka bar ni na gan ta ko ta taga ce. Ka gaishe mini da Mama.

Naka,
Mijin yayarka

Mijin Yaya,

Sallama. Na tambayi Yaya, ta ce haka aka yi. Ita na yafe mata, ƙirjinta ya biya. Kai da aka tambaya da lafiyarka da hankalinka, me ka biya?

Ta ce a bar ka ka shigo, ni kuma ba na musu da mai wayoyi manne a ƙirji. Ka zo gobe. Na ajiye maka kujerar da ke jikin na'urar, na kuma roƙi nas kada ta rage mata sauti. Duk lokacin da na'urar ta yi kuka likita zai shigo ya yi tambaya. Ina bakin ƙofa, ina so na ji amsarka.

Sai ka zo.
Auta