Wace Baruwa Ce Ta Kama Wuta?

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Tsugunar da Baƙi na garinmu Diffa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ya zafi, ya haƙuri da jama'a? Allah ya dawo mana da kwanciyar hankali a ƙasar Manga baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, sunana Hadiza, ina sayar da atamfa a rumfar mahaifina a kasuwa. Iyayenmu daga Damagaram suka zo, amma ni nan aka yanke mini cibi. Maigidana pompiye ne, wato sojan kashe gobara. Kakin da ke jikinsa ya ɗaure masa baki, ba shi da ikon fitowa ya amsa maka. Ni kuwa ba soja ba ce. Na yi ta zarya ofishinka ana ce mini ka tafi taro, har mai gadi ya fara tambayata ya ciniki. Shi ya sa na ce bari in yi maganata a bainar jama'a, tunda kai ma a bainar jama'a ka yi taka.

Bayan gobarar da ta cinye bukkokin 'yan gudun hijira na bayan kwalta, ka shiga rediyo ka ce da pompiye sun zo da wuri, da tsohuwar nan Ya Falmata ba ta mutu ba. Ina cikin rumfa na ji ka, kuma duk maƙwabtana suka juyo suna kallona, don sun san maigidana ne ya ɗauki talhon, wato wayar bariki, a ranar. Tun daga ranar ake nuna shi da baki a garin nan. To ka yi haƙuri ka saurare ni.

Na farko, ga abin da ya faru, tunda ka yi magana ba ka tambaya ba. Ranar kasuwa ce, da rana tsaka, cikin bazarar nan, iska na kaɗawa. Maigidana yana gadi a bakin talho a barikinsu. Wata mace ta kira tana kururuwa, Hausarta irin ta Barebari, ta ce, "Wuta! Wuta a Baruwa! Ku zo!" Kafin ya buɗe baki ya tambaye ta, layi ya yanke. Ya kira, ya sake kira, shiru. Daga baya muka ji talhon faɗuwa ya yi daga hannunta sa'ad da ta koma cikin hayaƙi neman surukarta, wato Ya Falmata, wadda ba ta iya tafiya.

Don girman Allah, Alhaji, ka zauna a kujerarsa na ɗan lokaci. Baruwa ɗaya kowa ya sani a ƙasar nan, ƙauyen manoma da masunta can kusa da Bosso, inda mutanen daji masu bindiga suka kori jama'a. Kowa kuma ya san wasu kan saci jiki su koma can su duba gona ko su jefa koma. A shekarun nan, in aka ce wuta a irin wannan wuri, wa zai kawo murhu a ransa? Ko dai an cinna wa gari wuta, ko an buɗe wa mutane wuta. Ya faɗa wa shef ɗinsu, wato shugaban barikin, abin da ya ji, shef ya bi abin da doka ta ce: motar pompiye ba ta kama wannan hanya sai da rakiyar sojoji masu bindiga. Suka sa kaya, suka ta da mota, suka tsaya jiran rakiya. Suna tsaye sai suka hango hayaƙi ya turnuƙe ta bayan kwalta, sai ga wani dattijo a guje ba ko takalmi, numfashi na neman ɗauke masa, yana cewa Baruwa ta nan ce, ta bayan gari. Da a da ne, kabu-kabu zai hau ya iso nan take. Yanzu an hana moto, wato babur, saboda tsaro, kuma ban ce a ɗage dokar ba, na san dalilinta.

Ashe mutanen Baruwa da kwamitinka ya kwaso daga bakin hanya ya zaunar a filin nan lokacin sanyi, sunan garinsu suka raɗa wa wurin. Yo da me za su kira shi? Ba su fito da tabarma ba, ba su fito da tukunya ba, sunan kaɗai suka iya ɗaukowa. Matar da ta kira, Fanna, mai cinikina ce. Ni kaina in ta ce Baruwa, ɗauka nake asalinta take faɗa mini. Ita gaskiya ta faɗa, shi ma maigidana daidai ya ji.

Na biyu, ina so in san ko ka san mene ne aikin pompiye, don yadda ka yi maganar kamar kana tsammanin zaune suke a inuwa suna shan shayi. Kafin a ɗauki maigidana sai da aka auna tsayinsa, aka duba idonsa da ƙirjinsa, aka sa shi gudu cikin rana har wasu abokansa suka zube. Ya yi horon soja, sannan ya yi na wuta: hawan igiya, hawan tsani, saɓa ƙato a kafaɗa, tsayar da jini, dawo da numfashin wanda ya suma. Ranar gadi da takalmi yake cin abinci. Kuma ba gobara kaɗai ake kiransu ba. Mota ta kife a hanyar Maine, su ne. Mutum ya faɗa rijiya, su ne. Kogin Komadugu ya cika ya ja wani, su ne za su shiga ruwa. In bam ya tashi a cikin taro, kowa na gudu yana neman ransa, su kuma wajen suke nufa, alhali sun sani sarai wani na iya laɓewa da na biyu yana jiransu. Abin da yake kwashewa da hannunsa a irin ranakun nan ba zan iya rubutawa ba. Ni nake wanke kakin, na san abin da nake gani.

Duk wannan ƙarfi da horo, Alhaji, a bayan tambaya ɗaya suke tsaye: ina ne? In ba a ba su amsarta ba, gudun da suka koya bai da amfani. An koya musu komai a barikin nan, amma wallahi ba a koya musu bugun ƙasa ba, balle su zana yashi su gano wace Baruwa ake nufi.

Na uku, wa ya hana wurin nan suna? Kai ne, ranka ya daɗe, kuma ka sani. Bulaman mutanen Baruwa, wanda yake zama hira a rumfar mahaifina, ya same ka tun farkon zamansu. Ya roƙe ka a yi wa wurin suna, a kafa allo a bakin kwalta, a sanar da asibiti da bariki. Ka ce masa a'a. Ka ce in aka ba wuri suna ya zama unguwa ke nan, masu fili za su ta da rigima, su kuwa baƙi ne, gobe za su koma gida. Haba, Alhaji! Wace gobe? Yaran da aka goyo a baya ranar gudu yau suna lakwal, sun zama 'yan makaranta. Ba wanda ya fi su son komawa, kullum zancensu gonar tattasai da kifin Tafki. Amma kafin goben nan ta zo, a nan suke girki, a nan iska ke ɗaukar musu tartsatsi.

Tun bayan gobarar, maigidana ba ya hutun ranar hutu. Sai ya sa farin kaya ya bi gefen gari da ƙafa, yana tambayar mutane yadda suke kiran inda suke zaune. Ya samo Bosso a cikin Diffa. Ya samo Malam Fatori. Ya samo Damasak har biyu, don 'yan'uwanmu da suka tsallako daga Najeriya su ma haka suka yi. Abin da ya fi tsinka masa zuciya, ya tarar da wasu 'yan Baruwa a arewacin gari, su ma Baruwa suke ce wa nasu wurin. Kai jama'a! Mutum ɗaya da ƙafa biyu yana yin aikin kwamiti guda, kwamitin kuma yana rediyo yana ba shi laifi.

Na huɗu, ko da sun iso kan lokaci, ta ina za su shiga? Yaranka da suka ja igiya suka raba filin, zana jikin zana suka jera, tamfol jikin tamfol, don wurin ya ɗauki mutane da yawa. Ba a bar hanyar da ko amalanke zai wuce ba, balle motar ruwa. A bakin fili motar ta tsaya, tiyo bai kai tsakiya ba. Ruwan ya ƙare, babu famfo babu rijiya kusa, sai da aka koma cikin gari aka ciko. Maigidana da ƙafa ya kutsa, shi ya fito da Ya Falmata a kafaɗarsa, rai ya riga ya yi halinsa. Yana sauke ta aka fara jifar motarsu da duwatsu. Ban ga laifin masu jifa ba, mutumin da ya rasa gida karo na biyu ba a tambayarsa hankali. Amma kai ba ka cikin hayaƙi lokacin da ka yi taka maganar.

Na biyar, abin da maganarka ta yi wa gidana. Ƙunar hannunsa ta warke, shi ne bai warke ba. Mutumin da ke cinye kwanon tuwo ya nemi ƙari, yanzu loma biyu sai ya tsame hannu. In talhona ya yi ƙara sai ya zabura. A masallaci akwai waɗanda suka daina ba shi hannu, ana cewa pompiye sun ƙi zuwa ne don masu wurin baƙi ne. Ya fara zancen ajiye kaki. Wallahi na sha roƙonsa ya bar aikin nan a baya, don na gaji da zaman zullumi, na fi son ya zo mu zauna a rumfa. Amma ba haka ba. Ba zan yarda ya fita da ran tsohuwa a wuyansa ba, alhali ba shi ya ɗauka ba. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinka a ciki.

Ka koma rediyon nan da ka yi magana, ka faɗa wa jama'a yadda abin ya faru. Ban ce ka durƙusa wa kowa ba. Ka ce kawai wurin ba shi da sunan da bariki ya sani, kuma ba laifin wanda ya ɗauki talho ba ne.

Ka tara bulamomi da shef na pompiye a zauna a yi wa kowane wuri suna. Kar a ƙwace musu sunayen garuruwansu, sun yi asara ta ishe su. A yi wa sunan wutsiya kawai: Baruwa Bayan Kwalta, Baruwa ta Arewa, yadda mai kira da mai ɗauka za su fahimci juna ko da layi ya yanke. A kafa allo, a sa masu shela su faɗa da Barbarci da Hausa da Fillanci. In masu fili sun yi magana, ka ce musu allo ana tuge shi ranar da baƙi suka tafi.

Ka sa a buɗe hanyar da mota za ta shiga, tun yanzu da ake sake kafa bukkoki, kuma a samar da wurin ɗiban ruwa kusa. Na je na gani da idona, yadda suke a da haka ake mayar da su, zana jikin zana.

Fanna ta daɗe ba ta leƙo rumfata ba. Ko a hanya muka haɗu sai ta kau da kai, ni ma kunya ta hana ni yi mata magana. Ranar kasuwar da ta wuce sai ga ta. Ba ta taɓa atamfa ko ɗaya ba, ta tsaya kawai tana kallona, muka yi kuka ni da ita a gaban mutane. Ta ce ta ji labarin yadda aka yi, ba ta riƙe maigidana da komai ba. Ta ce ta sake kafa bukkarta a inda take, da 'ya'yanta a ciki, kuma wata maƙwabciya ta ba ta tsohon talho. Sannan ta kama hannuna ta ce da Hausarta, "Hadiza, in wuta ya sake zuwa, ni in ce ina?"

Ni ta tambaya, Alhaji, ni matar pompiye. Na ce ta yi haƙuri, zan tambayi wanda ya zaunar da su. To ga shi na tambaya. Bazara ba ta ƙare ba, iska ba ta kwanta ba, kuma jibi maigidana ne a bakin talho.

Allah ya ba ka ikon yin abin da ya dace, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya ji ƙan Ya Falmata, ya mayar da kowa garinsa cikin aminci. Allah ya tsare gidanka da iyalinka daga gobara, kar ya nuna maka ranar da za ka ɗaga talho kana kururuwa, a tambaye ka ina ne, ka rasa sunan da za ka faɗa.

Wassalam, ina jiran amsar da zan kai wa Fanna.

Hadiza mai atamfa,
matar pompiye, Diffa.