Shafukan da Na Tsallake wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da 'ya'yana biyun nan da har yau ban taɓa gani ba sai a hoto. Mu ma lafiya, sai dai yanar idon Baba ta gama rufewa. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyara agogon mutane, yanzu ko na bango ba ya gani. Hawan jinin ma yana nan, likita ya ce a kiyaye masa ɓacin rai.

To Yaya, ka ja mana. Littafin nan da ka rubuta da sunan aro, wanda ka roƙe ni kada Baba ya ji ko labarinsa, ya shigo har cikin shagon ɗinkina. Malama ce ta kawo shi, maƙwabciyarmu da ta yi ritaya daga koyarwa. Shekararta biyar kawai a layinmu, ba ta ma san ina da wa ba. Ta zo gwajin riga da shi a hannu, idanunta jawur, wai a kansa ta ƙona girki. Kafin mako ya zagayo ya bi hannun mata shida. Wata ta ce da ta gama shi ta wanke ƙafa ta je ta gaida mahaifiyarta, bayan shekara uku ba sa ga maciji. Wata kuma cewa ta yi uban cikin littafin bai cancanci yafiya ba ko kaɗan, amma da ta kai babin ƙarshe inda ya durƙusa wa ɗansa, sai da ta jiƙa gefen mayafinta. Suna ta yabon marubucin, ni kuwa na sunkuyar da kai ina taka keke kamar ban san komai ba. Wallahi na ji daɗi, har na so in miƙe in ce wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Amma ka manta katako ne kawai tsakanin shagona da barandar da Baba ke zama. Duk musun nan a kunnensa aka yi shi. Jiya bayan la'asar ya kira ni, ya ce wane littafi ne wannan da ya hana mata ciniki, in karɓo in riƙa karanta masa, ya gaji da rediyo. Na ce shirme ne na mata. Ya ce shi ma shirmen yake so.

Ba sai na tuna maka rantsuwar da ya yi ba ranar da ka ƙi gadon sana'arsa ka bar gida, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya ce duk ranar da ka fitar da sirrin gidan nan waje zai tsine maka, kuma ka san Baba ba ya magana biyu. Kai kuwa ka kwashe mu kaf ka zuba a takarda: mai gyaran agogo, da ɗan da ya kora, da rasuwar Inna da ba ka ji ba sai bayan mako guda. Har ni ka saka, wai ƙanwa mai bakin tsiya. Na gode, zan rama.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma kai ka ja, ni yake duka. Ina tsoro ƙwarai. Ka taya ni addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Yaya 'yarka mai tarin nan, ta samu sauƙi? Wasiƙarka ta iso, na kuma ga shawararka cewa in ce littafin ya ɓace. Kai dai da ganin ka daɗe ba ka zauna da Baba ba. In na ce ya ɓace, ai Malama zai aika wa ta zo ta karanta masa da kanta, ita kuwa ko waƙafi ba za ta bari ba.

Ga dabarar da na yi. Kullum da safe kafin in buɗe shago nakan duba shafukan da zan karanta da yamma, in bi su da allin ɗinki. Inda na ja layi ɗaya, canzawa zan yi. Inda na ja biyu, tsallakewa. Yadda nake yanka yadi haka nake yanka littafinka, ka yi haƙuri. Mai gyaran agogo ya koma mai gyaran takalma. Gidanmu mai bishiyar lemo na sare bishiyar. Ranar da ya zuba littattafanka a murhu kuwa na haɗiye ta ɗungurungum, shafi tara.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Shekaranjiya na shagala, labarin ya ja ni, na karanta wurin da uban ke maƙala ɗan madubin nan a ido ya ƙi ɗagowa alhali ɗansa na yi masa magana. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Wai shi tunda yake bai taɓa ganin mai gyaran takalma da madubin ido ba, ko takalman tururuwa yake ɗinkawa? Na ƙirƙiro tari, na ce ai marubutan yanzu ba sa bincike. Ya ce haka ne, ci gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne littafin ya kama shi. Tun kafin a idar da la'asar yake sa a gyara masa kujera. Yakan yi dariya in ƙanwar ta yi tsiwa. Jiya ma cewa ya yi uban nan mutum ne mai taurin kai, irinsu ne ke kashe gida da hannunsu. Na dube shi da kyau, Yaya, ban ga komai a fuskarsa ba. Idon da ba ya gani ba ka iya karanta shi. Ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa yana jira ne in gama tona wa kaina rami.

Saura babi huɗu. In Allah ya sa na kai ƙarshe lafiya, ba ni ba karatun littafi har abada. Na ɓata wa wata mata hannun riga saboda tunani, na ɗinka shi a baibai.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwar ba, don asirinmu ya tonu.

Ranar Talata Malama ta shigo duba Baba, ta same mu da littafin a hannu. Murna ta kama ta, ta ja kujera ta zauna. Na yi ta yi mata ido, ta ɗauka ƙwaro ne ya faɗa mini. Ta ce wa Baba ai tun farko shi ta tuna, tunda uban cikin littafin ma mai gyaran agogo ne kamarsa. Ba ta tsaya nan ba. Ta tambaye shi yadda ya ji da wurin ƙona littattafan yaron, don ita a wurin ne ta ajiye littafin ta fita tsakar gida ta sha iska.

Baba ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, ya tambaye ni a wane shafi aka ƙona littattafai, shi bai ji ba. Sai a lokacin Malama ta lura da layukan alli a gefen shafukan, ta dube ni, ta dube shi, ta kama bakinta.

Na zaci zai yi faɗa. Da ma faɗan ya yi. A hankali ya roƙi Malama ta aro wani kwafin, ta riƙa zuwa kullum tana bin layi da yatsa, ni kuma in koma shafin farko in karanta abin da aka rubuta, ba abin da na ga dama ba. Ya ce makanta ya yi, ba yarinta ba.

Yau kwana biyar muna haka. Malama na gefe kamar mai tsaron jarrabawa, in na yi tuntuɓe ta gyara mini. Na karanta bishiyar lemo. Na karanta murhu da littattafai. Na karanta rantsuwar da ya yi maka, kalma da kalma, da bakina, a gabansa. Ya daina dariya, ya daina sharhi, abinci ma sai ya taɓa ya ture. Na auna jininsa da safe ya hau, na ce mu dakata, ya ce ko gawarsa ce a ƙarasa mata.

Ɗazu muka yi babin rasuwar Inna, inda ka rubuta cewa uban ya bi tasha-tasha yana neman adireshin ɗansa bai samu ba, har matar ta cika. Ina cikin karantawa na ga hannunsa ya damƙe hannun kujera har jijiyoyin sun tashi. Ya ce ya isa haka. Ya sallami Malama, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, ko sandarsa bai ɗauka ba.

Bai ambaci sunanka ba har yanzu, kuma wannan shirun ya fi zagi tayar mini da hankali. In ya buɗe baki ya yi abin da ya rantse zai yi, ban san inda zan sa kaina ba. Kada ka rubuto komai tukuna.

Ƙanwarka da ke cikin tashin hankali,
Auta

*

Yayana,

Ina gaishe ka da gaisuwar da na iya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada ka karanta wannan a gaban yara.

Baba bai tsine maka ba. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta, ko da yake nawa bai kwanta ba.

Kwana biyu ya yi ba ya fitowa sai alwala. Yau da hantsi ina shago ya aiko a kira ni, ya ce in rufe, in zo da takarda da biro. Ya ce tun babi na biyu ya gane ka, tun ina ta faman takalmana, domin babu uban da zai kasa gane maganar ɗansa ko da bakin wani ta fito. Ya bar ni ne kawai don shi ma yana jin tsoron abin da nake tsallakewa. Game da rantsuwa kuwa, ya ce zai yi kaffara, don ba ka tona masa asiri ba, rufa masa ka yi. Ya ce duk abin da ya ji a littafin gaskiya ne ban da wuri ɗaya, kuma a wurin ne ka yi masa alfarmar da bai cancanta ba.

Ya sa na rantse zan rubuta maka ba ragi, ba alli. To ga shi.

Bai je tasha ko ɗaya ba, Yaya. Adireshinka na cikin akwatin kayan aikinsa tun watan da ka tafi, wani direba ya ba shi. Inna ta roƙe shi sau uku ya aika maka. Sau ukun yana ce mata ya aika, kana hanya. Bai aika ba. Ya ce so yake ka ji a jikinka, ka dawo da ƙafarka ka durƙusa, bai taɓa zaton ciwon zai ɗauke ta ba. Labarin neman adireshi kuwa shi ya ƙirƙira ya faɗa wa dangi ranar zaman makoki, ni ma na ɗauka, na rubuta maka, kai kuma ka sa a littafi duniya ta karanta ta tausaya masa.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ni ke jinyarta. Kwana shida ta ƙi yarda a juya mata gado, wai sai tana kallon ƙofa. Duk wanda ya yi sallama sai ta yunƙura. Ta sa na wanke zanin gadonka na shimfiɗa. Ranar ƙarshe ta tambaye ni ko motar ta lalace ne a hanya, na ce mata ƙila. Shekara goma sha ɗaya ina ɗora laifin a kan rashin sa'a, wani lokacin ma a kanka. Ashe mai laifin na zaune a baranda ina kai masa ruwan wanka.

Da ya gama sai ya miƙo hannu yana lalubena. Na matsa baya. Allah ya gani, na matsa baya, hannun ya tsaya a iska, ya mayar da shi cinyarsa. Mako uku ina yi masa ƙarya don kada ransa ya ɓaci, ina kare shi daga littafinka, ni da ya kamata a kare.

Ya hana a karanta masa babin ƙarshe. Ya ce wancan uban an yafe masa ne a kan rabin laifi, shi ba zai ci yafiyar wani ba. Ya ce in gaya maka ba ya kiran ka don ka yafe masa. Ka zo ne kawai ka ji daga bakinsa, ka tsaya a gabansa, ka faɗa masa duk abin da ka ga dama, ba zai sunkuyar da kai kan wani aiki ba wannan karon.

Malama ta leƙo da rana, ba ta san abin da ya faru ba, tana ta ba ni haƙuri, tana cewa in daure mu kai ƙarshe, ai ƙarshen ne mai daɗin.

Na ɗiga masa maganin ido da azahar kamar kullum. Sai da na riƙe haɓarsa kafin in iya, hawayensa kuma na wanke maganin. Sau uku ina sakewa. Ban yi masa magana ba, ban kuma san ranar da zan yi ba.

Ka zo, Yaya. Kai ka sa matan layinmu kuka, ka mayar da 'ya wurin uwarta, kowa na cewa marubucin nan ya san yadda ake yafiya. In har ka iya bayan ka karanta wannan, ka zo ka nuna mini yadda ake yi. In kuma ka kasa, duk da haka ka zo, don ba zan iya zama da shi ni kaɗai ba.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta