Ƙwan Kwaɗo a Randar Goggo

Litinin, 8 ga Mayu

Na iso Ruwan Bago da ƙwan kwaɗo ɗari biyu cikin kula. Na'urar sanyaya ɗakin gwajinmu ta mutu, malamina kuma ya ce in ban kawo sakamako ranar Juma'a ba, sai baɗi. Goggo Hajo, yayar Baba, ta leƙa kular, ta ce ashe wannan ne digiri na biyun.

Talata, 9 ga Mayu

Ƙanƙara ta narke. Arba'in sun ruɓe. Ni da ke nazarin yadda saƙo ke tafiya cikin ƙwayar halitta, ko saƙon waya ya ƙi fita daga garin nan.

Na yi wa Goggo bayani: ƙwan yana zaune ne cak, sai wani sinadari ya taɓa fatarsa, wannan ya tada wancan, wancan ya tada na gaba, har ya nuna. Ta ce wato shi ma ba ya fitowa sai an yi sallama. Shekara biyu ina neman wannan jimlar.

Laraba, 10 ga Mayu

Na nemi sa ƙwan cikin randar sha don sanyi, Goggo ta hana, wai ƙazanta. Ta ba ni tsohuwar, ta binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi, tana yayyafa ruwa bayan kowace salla. Na yi dariya, na sa ma'aunin zafi. Na daina dariya.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na ɗiga sinadarin da hantsi, na tafi Rogo neman sabis ɗin waya. Da la'asar na tarar da Goggo a bakin randa, ta yi tagumi. Gilashinta a hanci, kwanon gwajina a cinya.

"Uwata, na ɓata miki aiki. Sun yi fumfuna. Kowanne da farin ɗigo a ka."

Farin ɗigon nan shi ne shaidar saƙo ya isa. Shi nake jira tun bara. Na tambaye ta ko ta zubar, ta ce saura kaɗan, kunya ce ta hana.

Ɗari da talatin da ɗaya. Ita ta ƙirga rabi, da tsinken tsintsiya.

Juma'a, 12 ga Mayu

Na tura wa malamina sakamakon daga Rogo. A takardar na rubuta "tukunyar ƙasa mai sanyaya ruwa", don kada turawa su ruɗe.

Da safe zan duba zafin randar, sai na ga na kira Goggo ta taɓa da bayan hannu. Ma'aunin yana cikin jaka. Mantawa na yi, ina jin.