Waya Ta Ƙwace Mini Taswira

Malama Tjitske, ki taimake ni kafin in jefa wayar mijina a kwatar bayan gidanmu.

Tun muna da ƙuruciya, duk hutun bazara ni da mijina Wiebe muke ɗaura wa mota ɗakinmu mai taya mu nufi Faransa, da buhun dankalinmu da cukunmu na gida. Shi ke tuƙi, ni ke riƙe taswira, ni ke cewa a bi nan, a tsaya can a sha kofi. Bara surukinmu Jorrit, mai bakin 'yan talla, ya hure masa kunne ya sayi waya mai sabis ɗin 5G, wai matafiyi ya daina ɓata. Mutumin da ko saƙo sai na rubuta masa! Muna fita gari ya liƙa ta a gilashin mota, ya ce in naɗe tabarmata in huta, wai taswirata ce tabarma. Na zauna kamar kaya. A duwatsun Beljiyam wayar ta cusa mu wani lungu da ko keken doki ba zai juya ba, sabis ya ɗauke, muka dinga ja da baya mutanen ƙauye na kallo. Duk da haka bai ce in ɗauko taswira ba. Na ce bana ba ni zuwa, sai dai ya tafi da amaryarsa mai batir. Ya ce to. Tun daga ranar dafa abinci kawai ke haɗa mu. Sabis ɗin nan yaudara ne, ko ni ce na tsufa?

Mai Jin Haushi, daga garin Sneek

'Yar'uwa, ajiye wayar tukuna, kwata ba ta yi miki laifi ba.

A kan sabis kina da gaskiya fiye da surukinki. Matafiyi ba gudun sabis yake bukata ba, samuwarsa yake bukata. Sabon sabis ɗin yana da amfani a tashar jirgi da cunkoson birni, ko ga mai aika manyan hotuna yana tafe. A kwari da ƙauye sau da yawa wayar kan koma kan tsohon sabis, ko ta rasa duka. Nuna hanya kuwa ba ya bukatar sabis mai gudu, ana ma iya sauke taswirar a waya tun daga gida. An sayar wa Wiebe abin da tafiyarku ba ta nema ba.

Sai dai ba sabis ya cusa ku lungu ba. Wayar ba ta san kuna jan ɗaki ba, kuma ke da kika sani kin zaɓi yin shiru don ki ga ƙarshensa. Maganar tabarma rashin ladabi ce, ki gaya masa haka kai tsaye, ba ta bakin tukunya ba. “To” ɗin da ya ce kuma girman kai ne. Mai son tafiya shi kaɗai ba ya zama gida yana kumbura.

Ku raba aiki. Ke ki zana hanya da wuraren tsayawa, waya ta faɗi inda cunkoso yake. Jorrit kuma a cire shi daga shawarar hutunku.

Ki shimfiɗa taswirar a teburin cin abinci kafin ya sauko karin kumallo, ki aza kofinsa a kan Faransa. Idan ya zauna ya fara bin layi da yatsa, ki sayi dankali. Allah ya kai ku lafiya, ku biyu.

Tjitske