Amsoshin da Na Yage daga Littafin Jidda

Zuwa ga 'yata Uwani,

Gaisuwa mai yawa, tare da addu'ar Allah ya kai haske kabarinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Amma tun da na koyi riƙe biro a ajin yamma na manya, bayan furfura ta fito mini, duk abin da ya fi ƙarfin bakina takarda nake gaya wa.

Albishirinki, ko da yake babu mai ce mini goro. 'Yarki Jidda ta ci jarrabawar gama sakandare. Turancin da ya kayar da ita bara, bana ta samu kiredit a cikinsa. Ranar Laraba ta dawo daga Gwagwalada da takardar sakamako, tun daga bakin titi take gudu, mayafi a hannu. Uwani, na taka rawa a tsakar gida. Ni, da wannan gwiwar tawa. Matan maƙwabta suka yi ta guɗa, har Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta ta taya mu. Duk Tungan Maje babu wanda ban tsayar na gaya wa ba.

Amma yau kwana uku ke nan abinci ba ya wuce mini.

Lokacin da kike kwance kin ce in tsaya mata a kan karatu, na ce to. Da jarrabawar bara ta matso, na je kasuwar Zuba na sayo mata littafin tsofaffin tambayoyin Turanci, mai kauri, na shekaru da yawa a haɗe. A bayansa akwai amsoshi. Malaminmu na ajin yamma yakan yage amsoshi don kada mu leƙa, ni ma sai na yi haka, na cusa su a aljihun babbar rigata. Kullum bayan la'asar mu zauna a gindin mangwaro, ta karanta labari, ta amsa tambayoyin da ke ƙarƙashinsa, ta cike guraben kalmomi, ni kuma in bi da jan biro. Ko rabin abin da ke ciki ba na ganewa. Haruffa kawai nake gwadawa. In takardata ta ce B ita kuma ta zaɓi D, in ja mata layi.

Jan layi ya yi ta yawa. Cikin tambaya hamsin yau ta ci sha biyu, gobe ta ci goma. Takan ce ita dai ta tabbata amsarta daidai ce, ni kuma in daka mata tsawa, in ce tsakaninta da masu buga littafi wa ya fi sani. Har na ce kanta ba ya ja kamar naki. Marainiya na gaya wa wannan maganar, Uwani. Daga baya ta daina gardama. Sai ta zaɓi amsa, ta goge, ta zaɓi wata, ta sake gogewa. Haka ta shiga jarrabawa, haka ta faɗi, ƙawayenta suka wuce suka bar ta.

Bayan faɗuwar, Madam Rifkatu, maƙwabciyarmu mutuniyar Filato da ke koyarwa a Zuba, ta ce a kawo mata littafin za ta riƙa koya mata. Na kai da kaina, har da amsoshin. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta cire tabarau. Ashe garin yagewa na yage saman shafukan, inda aka rubuta shekarar kowace jarrabawa, suka kuma cakuɗe a aljihu. Wata huɗu ina gwada aikin yarinyar da amsoshin wasu shekaru daban. Madam ta ɗauki ɗaya daga tsofaffin takardunta ta gyara a gabana. Inda na ba ta sha biyu, arba'in da ɗaya ta ci.

Na roƙi Madam ta rufa mini asiri, ta kuwa rufa. Na ce sai yarinya ta ci tukuna in gaya mata. Ga shi ta ci, bakina ya ƙi buɗuwa. Jiya a gaban mutane Jidda ta ce ba don haƙurin da kakanta ya yi da daƙiƙancinta ba, da ba ta kai nan ba. Ina zan sa kaina?

Kin san tun tana firamare take cewa lauya za ta zama. Yanzu ta ce ta fasa. Wai aikin lauya duk Turanci ne, ita kuma ta san kanta, wannan kiredit ɗin sa'a ce kawai. Ranar Litinin za ta cike takardar neman jami'a, ta ce duk kwas ɗin da babu dogon karatu a ciki shi za ta zaɓa. Madam ta aiko mini cewa in ban faɗa ba kafin ranar, ita za ta faɗa.

Me nake tsoro? Tun rasuwarki ita kaɗai ke tsokanata a gidan nan, tana kirana angonta marar haƙori, tana ɓoye mini goro. Ina tsoron ta dube ni ta ga mutumin da ya ci mata shekara guda don yana kunyar cewa bai iya ba. Da ke ce, za ki yafe? Ke ma ban taɓa ba ki haƙuri a kan komai ba har kika tafi.

Ba zan bari Jidda ta ji daga bakin wani ba. Ta tafi kai niƙa, yanzu za ta dawo. Na shimfiɗa tabarma, na kuma roƙi Madam ta zo ta zauna kusa, don in murya ta ƙi fita ta ƙarasa mini. In Jidda ta yi fushi, tana da gaskiya. In ta daina yi mini magana, zan jure. Ni dai ranar Litinin ta rubuta lauya.

Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta. Sai na iso.

Mahaifinki,
Audu